Taki Da Leda: Aikin Da Ke Gaban Ƙaramar Hukuma

A darasin labarin ƙasa an koya mana cewa ƙasashen da suka ci gaba suna sake sarrafa shara, watau su mai da abin da aka zubar ya koma abin amfani. Wanda bai sani ba sai ya zaci Turawa ne suka fara wannan dabara. Alhali kuwa manomin ƙasar Kano ya daɗe yana yin ta, sunanta ne kawai bai sani ba da Turanci.

Ƙasarmu ta arewacin Kano, kamar su Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa har zuwa Bichi da Dambatta, jigawa ce, ga kuma yawan jama'a. Gona tana manne da gona, ba a barin saura ta huta. Duk da haka kowace shekara a kan shuka gero da dawa da gyaɗa da wake a wuri guda, ƙasar ba ta mutu ba. Asirin abin shi ne taki. Da rani a kan ɗaure awaki da tumaki a turke, a ba su harawa, a tara kashinsu da tokar murhu da sharar tsakar gida a juji, sa'an nan a kai gona a zuba tsibi-tsibi kafin ruwa ya sauka. Waɗanda ke kusa da birni kuwa, sai su ɗora wa jaki itace su kai su sayar, su komo da mangala cike da takin birni. Wani malamin Jami'ar Ahmadu Bello, Michael Mortimore, shi da abokin aikinsa sun buga bincike a kan wannan yanki a 1965, kuma wannan zirga-zirga ta jakuna tana cikin abubuwan da suka sa masana na duniya suka san ƙasar Kano. Birni ya ci abincin ƙauye, ƙauye ya kwashe dattin birni. Babu wanda ya yi hasara.

Ba a taki kaɗai abin ya tsaya ba. Tsohuwar taya ta zama takalmi ko guga, gwangwani ya zama fitila, tsohon alminiyam a narka a zuba tukunya. Har yau 'yan jari-bola suna bin gida gida suna sayen ƙarfe da roba.

To, me ya ɓata wannan tsari? Leda. Duk wanda ya taɓa baza takin birni a 'yan shekarun nan ya san abin da na ke nufi. Tifa ta juye kaya a bakin gona, sai ka ga rabinsa baƙar leda ce da ta fiya-wata, ga fasassun kwalabe, ga tsohon batir, wani lokaci har da allura. Kashin akuya ya kan ruɓe cikin damina guda, amma leda ta kan yi shekaru masu yawa a ƙasa ba ta ruɓe ba. Tana tare ruwa, tana hana saiwa shiga, ga ta da sarƙe garma. Dabba kuma in ta ci, sai ta yi ta ramewa ba a san dalili ba. Ku tambayi mahauta abin da su ke tararwa a tumbi.

Wani zai ce, ina ruwan wannan da sauyin yanayi? Akwai dangantaka ta fuska biyu. Ta farko ita ce, idan aka cinna wa bola wuta, kamar yadda a ke yi a bayan kasuwanni, hayaƙin yana ƙara iskar kabon a sama, ban da cutar da ya ke yi wa ƙirji. Idan kuma aka bar ta jibge ruwa ya jiƙa ta, iska ba ta shiga, sai ta riƙa fitar da wata iska da a ke kira mitan, wadda ta fi kabon riƙe zafi nesa ba kusa ba. Gaskiya ne hayaƙin bolar garinmu bai kai komai ba in an gwada shi da na masana'antun Amurka da Sin. Fuska ta biyu ce ta fi damuna. Ƙasa mai taki tana riƙe laima, rairayi tsura kuwa ruwa wucewa ya ke yi. Iyayenmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Masana sun ce zafi yana ƙaruwa, ruwan sama kuma zai ƙara zama marar tabbas, ya zo da ƙarfi kwana ɗaya, ya ɗauke mako biyu ko uku. A irin wannan ɗaukewar ruwa, geron da ke kan taki ya fi daɗewa bai yi yaushi ba. Takin zamani yana ba shuka abinci, amma ba ya riƙe mata ruwa, balle ga tsadarsa.

Aikin wa ke nan? Zamanin En'e akwai duba-gari, wanda in ya shigo unguwa kowa sai ya shiga taitayinsa. A 1976 aka yi gyaran da ya kawo ƙananan hukumomi, yau Jihar Kano tana da 44. Tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukansu, a ciki akwai kwashe shara da kula da kasuwanni da mayanka da tashoshin mota. Gwamnatin jiha tana da hukumar REMASAB, amma ƙarfinta a birni ya ke. A sama kuma, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar sauyin yanayi a 2021, a shekarar ce kuma ya yi alkawari a birnin Gilasgo cewa Nijeriya za ta daidaita hayaƙinta kafin 2060. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Watau doka ta ɗora musu aikin, kotu kuma ta ce a ba su abin yi. Ni dai a ganina ciyaman da kansila ba su da sauran hanzari.

Akwai masu cewa a hana leda ɗungurungum, kamar yadda Ruwanda ta yi a 2008, Kenya kuma a 2017. Ina jin wannan ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma, musamman a garin da famfo ba ya zuwa, fiya-wata ce ruwan shan matafiyi. Abin da za ta iya shi ne raba leda da taki tun kafin su haɗu. Wurin farawa kuwa kasuwa, domin hukuma ce ke karɓar kuɗin rumfa, kuma galibin sharar kasuwa mai ruɓewa ce: ƙaiƙayi, ɓawon rake, ruɓaɓɓen tumatir, kashin dabbobin kara. Dubi irin abin da kasuwar hatsi ta Dawanau ko ta Dambatta za ta tara. A ware wuri biyu, ɗaya na abin da ke ruɓewa, ɗaya na leda da roba, a sa ma'aikaci ya tsaya a kai.

Sai dai akwai wata matsala. Ɗan jari-bola yana son ƙarfe da roba mai kauri saboda nauyinsu, leda kuwa sai ka cika buhu ba ta yi nauyin kirki ba, don haka ba ya kula ta. Nan ne hukuma za ta shigo, ta ɗora ɗan lada a kan kowane buhu, ta tara da yawa, ta nemi masana'antun roba na Kano masu narkawa su saya. Kada kuma a ce yara 'yan makaranta ne za su yi tsinta hannu tsirara, saboda kwalba da allura.

Shi kuwa takin, haɗa shi ba wuya, malamin gona zai iya nuna wa kowane dagaci. A haƙa rami, a shimfiɗa busasshen kara ko ganye, a bi da kashin dabbobi, a barbaɗa toka, a yayyafa ruwa, a sake wani hawa haka har ya cika. Bayan mako biyu ko uku a juya shi don iska ta shiga, juyawar nan ce ke rage mitan da wari. Cikin kamar wata uku ya yi baƙi ya yi laushi. Abin da ke ba da wahala shi ne ruwa, don da bazara rijiyoyinmu kan ja baya. Saboda haka ya fi kyau a cika ramin da kaka, lokacin da kara ya yawaita, kududdufai kuma ba su ƙafe ba, a lulluɓe shi da ƙasa ya jira shuka.