Su Wane Ne Suka Riƙe Garin Gusau?

Mutumin Tsafe ko na Bungudu da ya shiga Gusau zai ga fadar Sarki, ya ga sakatariyar ƙaramar hukuma, ya kuma ga gidan gwamnati. Ko'ina akwai shugaba. Darasin wannan wata zai nuna yadda aka yi shugabancin gari ɗaya ya rabu gida uku.

Malam Sambo Ɗan Ashafa ne ya kafa Gusau, wajen shekarar 1811. Shi almajirin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ne. Kafin nan, babban gari a wannan yanki shi ne 'Yandoto, garin malamai da ke kusa da Tsafe. A da can wannan yanki yana cikin ƙasar Katsina. Shi ya sa ake kiran mai sarautar Gusau Sarkin Katsinan Gusau. Ba wai yana mulkin birnin Katsina ba ne. Haka kuma ana kiran na Tsafe 'Yandoton Tsafe, na Bungudu kuwa Sarkin Fulanin Bungudu. A wancan zamani kome yana hannun sarki da alƙalinsa: tsaron gari, rabon gonaki da shari'a. Shi kuma yana bin Sarkin Musulmi a Sakkwato.

Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Ba su rushe sarauta ba, sai suka mai da ita ma'aikata. Suka kafa En'e, wato hukumar gargajiya. Mai Gusau ya zama hakimi a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, ana biyansa albashi, ga kuma Di'o yana duba aikinsa. Babban aikin hakimi a lokacin shi ne tara haraji da jangali.

Abin da ya canja Gusau sosai shi ne jirgin ƙasa. Dogo ya taso daga Zariya ya iso Gusau a 1927, ya wuce Ƙaura Namoda a 1929. Nan da nan garin ya zama kasuwar auduga da gyaɗa. Manoman Tsafe da Bungudu suka riƙa kawo amfanin gona a kan jakuna. Kamfanoni suka buɗe kantuna, aka kafa injin gurzar auduga. Baƙi daga Kudu suka cika Sabon Gari. Bayan samun mulkin kai aka gina masaƙar Zamfara, wadda ta ɗauki ma'aikata masu yawa kafin ta rufe. Gari mai leburori da 'yan kasuwa da baƙi ba ya riƙuwa irin riƙon ƙauye. Ana bukatar ruwan famfo, da hanyoyi, da asibiti, da wanda zai raba rigimar kasuwa.

Don haka Sakkwato ta sa ido a kan Gusau. A 1938 aka naɗa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, aka turo shi Gusau ya kula da gundumomin gabas. Shi ne ya zama Firimiyan Arewa daga baya. Akwai kuma lokacin da mai riƙon garin yake da sarautar Sarkin Kudu. Sarkin Kudu Sulaiman ya fi shekara 30 a kai.

A zamanin Janar Yakubu Gowon aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi a duk Nijeriya. Daga nan kasuwa, da tashar mota, da makarantar firamare, da ɗakin shan magani, da kwashe shara suka koma hannun ciyaman da kansiloli. Sarki ya zama uban ƙasa mai ba da shawara da sasanta jama'a.

Ran 1 ga Oktoba, 1996, Janar Sani Abacha ya ƙirƙiro Jihar Zamfara, Gusau ta zama babban birninta. Kanar Jibril Bala Yakubu ne kantoman soja na farko. A 1999 aka zaɓi Ahmad Sani Yariman Bakura gwamna. Bayan samun jihar ne aka ɗaga darajar Alhaji Muhammadu Kabir Ɗanbaba daga hakimi zuwa sarki. Ya rasu a 2015, Alhaji Ibrahim Bello ya gaje shi, shi ma ya rasu a 2025.

Ciyaman ne ya fi kusa da bukatun talaka na yau da kullum, amma shi ne ya fi rashin ƙarfi. Shekaru da dama gwamnoni a jihohi da yawa sun riƙa naɗa kantomomin riƙo maimakon a yi zaɓe. Kuɗin ƙaramar hukuma kuma sai ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Wanda aka naɗa, gwamna yake tsoro, ba mai ƙuri'a ba. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa dole shugabannin ƙananan hukumomi su zama zaɓaɓɓu, kuma a ba su kuɗinsu kai tsaye. Hukuncin ya shafi ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, har da 14 na Zamfara, cikinsu da Gusau da Tsafe da Bungudu.

Tambayoyi
1. Me ya sa ake cewa Sarkin Katsinan Gusau?
2. In rufin makarantar firamare ya yaye, wa ya kamata a sanar?
3. Yaya sunan kansilan mazaɓarku?