Ƙungiyar 'Yan Kasuwar Ƙasa Biyu

Muna noman wake a Gafasa. Dillali ya saya a kasuwar Gaya, ya kai Dawanau. Daga can wani kayan har ƙasashen waje.

To, attajirin Kano bai san mai saye a Ingila ba. Wa zai fara yarda da wani? Don haka a 1977 aka kafa ƙungiyar 'yan kasuwar Nijeriya da Ingila, ofishinta yana Ikko. Ita ke haɗa su, ta sanar da kowa dokar ƙasar abokin cinikinsa. Baƙon da ke son kafa masana'anta a nan ma, takan nuna masa hanya.

Sanin dokar nan ba wasa ba ne. A 2015 ƙasashen Turai sun hana shigar wakenmu, don maganin ƙwarin da ake zuba masa ya yi yawa.