Amosanin Jini a Gidan Ma'aikata: Darasi Daga Ilmin Gado

Gabatarwa

Duk malamin da ya daɗe a aji ya san irin wannan ɗalibi: mai ƙwazo, ramamme, idanunsa da ɗan rawaya-rawaya, wanda da zarar hunturu ya kama sai a neme shi a rasa har mako biyu. Abin da malami bai cika gani ba shi ne halin da iyayen yaron suke ciki, musamman idan dukansu ma'aikata ne. Wannan darasi zai bayyana asalin amosanin jini, wato sikila, sa'an nan ya nuna yadda sanin asalin yake taimakon miji da mata su riƙe 'ya'yansu da aikinsu da aurensu.

Asalin ciwon

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari mai suna himogulobin, wanda yake ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. Lafiyayyar ƙwaya kewayayya ce, mai laushi, tana kwana kimanin 120 tana aiki. Ƙwayar mai sikila kuwa, idan oksijin ya yi mata ƙaranci, sai ta ƙage ta lanƙwashe kamar lauje, kuma kwana 10 zuwa 20 kawai take yi. Saurin mutuwarta shi ke kawo ƙarancin jini da rawayar ido. Maƙalewarta a ƙananan jijiyoyi shi ke kawo azabar ciwon ƙashi.

Likita James Herrick na Shikago a Amurka shi ya fara bayyana siffar ƙwayoyin a 1910. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar a himogulobin take. A 1954 Anthony Allison ya gano cewa mai ɗauke da rabin gadon yana da kariya daga mugun zazzaɓin cizon sauro. Shi ya sa gadon ya yawaita a ƙasashenmu. Binciken da aka yi a Garki, wadda yanzu take Jihar Jigawa, daga 1969 zuwa 1976, ya tarar kimanin kashi 2 cikin 100 na jarirai suna da ciwon, amma da ƙyar ake samun mai shi cikin manya, domin yawancinsu sun rasu tun suna ƙanana.

Lissafin gado

Kowane mutum yana karɓar ƙwayar gado ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai AA lafiya lau yake, mai AS yana ɗauke da gadon amma ba ya ciwon, mai SS shi ne majinyaci. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da rabo 1 cikin 4 na zama SS, 2 cikin 4 na AS, 1 cikin 4 na AA. A lura: ciki ba ya tuna na gabansa, saboda haka ana iya jera SS biyu ko uku.

A nan ne babban darasin yake. Sau da yawa dangin miji sukan ce, "Jinin gidansu ne." Wannan magana kuskure ce. Yaro ba ya zama SS sai uwa ta ba da S, uba ma ya ba da S. Tun da gadon rabi da rabi ne, bai kamata zargi ko jinya su rataya a wuyan mutum ɗaya ba.

Tsarin gida

Mu ɗauka cewa matar malamar sakandare ce, mijin kuma akawu, suna da 'ya'ya uku, ɗaya SS. Idan aka bar mata jinya ita kaɗai, ɗalibanta za su yi hasara, wata rana kuma ta rasa aikin, alhali albashinta yana cikin kuɗin magani. Ga matakai biyar:

1. Rigakafi. Sanyi, ƙishirwa, gajiya da zazzaɓi su ne ke tayar da ciwon. Yawan shan ruwa, rigar sanyi, gidan sauro da allurar rigakafi suna rage kwanciya asibiti. Likita yakan rubuta folik asid, da finisilin ga ƙananan yara, da haidiroksiyuriya, wanda Amurka ta amince da shi a 1998, yana kuma rage yawan tashin ciwon.

2. Sanin alamun haɗari. Zafin jiki da ya kai digiri 38, numfashi sama-sama, kumburin saifa, ko mutuwar ɓarin jiki, duk ba a kwana da su a gida. Wanda yake kusa shi zai kai yaro asibiti, ba sai an jira ɗayan ba.

3. Karɓa-karɓa. A raba kwanan asibiti da ranakun ganin likita tun kafin buƙata ta taso, kowa kuma ya sanar da shugabansa a wurin aiki da takardar likita.

4. Mutum na uku. A koya wa kaka ko gwaggo magunguna da alamun nan, a kuma ware ɗan asusu duk wata.

5. Sauran gida. Lafiyayyun 'ya'ya ma suna buƙatar kulawa, mai jinya kuma yana buƙatar barci.

Kammalawa

Malamai na iya sauƙaƙa wa irin waɗannan iyaye: a bar ɗalibin ya sha ruwa a aji, a ɗauke masa bulala da aikin rana, a tanada masa darasin da ya wuce shi. Ku kuma ɗalibai, ku san rukuninku tun kafin soyayya ta yi nisa. Jihar Kano ma ta wajabta gwajin kafin aure a 2024. Rigakafi ya fi magani. Waɗanda kuwa Allah Ya riga Ya ba su irin wannan ɗa, su tuna hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi

1. Zana jadawalin 'ya'yan AA da AS. Akwai SS a cikinsu?
2. Me ya sa ciwon yake yawan tashi da hunturu?
3. Da wace hujja za ka amsa wa mai ɗora wa uwa laifi?