Darasi na Tara: Kukan Ƙafar Mota a Rusaifa

Rusaifa unguwa ce a birnin Makka inda Hausawa da yawa suke zaune. A nan ne tashar jirgin ƙasa ta Haramaini take, wadda aka buɗe a 2018. Direban tsohuwar motar fasinja a wannan unguwa yakan gane ciwon motarsa da kunne. Idan tana gurnani, gurnanin kuma yana ƙaruwa da gudu, to boris ne ya cinye. Idan kuwa tana ƙas-ƙas wajen shan kwana, kan shaf ne: robarsa ta yage, giris ya zube, rairayi ya shiga, sai dai a sa sabo. Bakanike yakan ɗaga motar da jak, ya girgiza taya. In ya ji tana rawa, ya canja boris nan take, domin taya tana iya ficewa alhali mota cike take da mutane.