Alat Ba Kuɗi Ba Ne: Darasi Ga Mai Sayar Da Waya A Intanet

Duk lokacin da rajista ta matso, ɗalibai da yawa sai su fara duba abin da za su ɗaga su sayar: tsohuwar waya, laftof, fawa banki. A ɗauki hoto, a ɗora a Facebook ko Jiji ko sitatus na WhatsApp, a zauna jiran mai rabo. An saba yi wa mai saye gargaɗi kada a cuce shi. To mai sayarwa fa? Shi ma akwai masu farautarsa, kuma makaminsu na farko shi ne alat na bogi.

Wannan darasi ya fi shafar 'yan uwanmu da ke tafiya hutu Gangara da sauran garuruwan Sabon Birni da Isa. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, ciniki ya koma taransifa har a ƙauye. Amma sabis a yankin yakan zo ya ɗauke, kuma ba a manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. Wanda ya saba da jinkirin sabis, da an ce masa "na tura, sabis ne ya riƙe", sai ya yarda, don ya sha ganin hakan da gaske. Nan ɗan damfara yake shiga.

Dabara ta farko: alat da rasit na bogi

Saƙon da ke shigowa wayarka da sunan banki ba lallai daga banki ya fito ba. Akwai hanyoyin tura saƙo da kowane suna mutum ya ga dama. Haka ma hoton rasit, gyara shi ba ya ɗaukar minti biyar. Abin da ba a iya ƙirƙira shi ne balas ɗin asusunka. Ka buɗe manhajar bankinka da hannunka, ko ka buga lambar da ba ta buƙatar data: *894# a First Bank, *919# a UBA, *737# a GTBank, *901# a Access. In kuɗi bai hau ba, waya ba ta motsa ba. Gani ya kori ji.

Ka lura da gaggawa. "Malam, mota ta cika, direba na jira a tasha, ba shi kayan kawai." In ka miƙa wa direba waya ya kama hanyar Goronyo zuwa Sakkwato, shi ke nan, ba ka san fuskar wanda zai karɓa ba.

Dabara ta biyu: "na yi kuskure na tura da yawa"

Kun yi ciniki a dubu 80, sai ga alat na dubu 180. Ya kira yana salati, wai hannunsa ne ya zame, don Allah ka maido masa dubu 100. Alat ɗin ƙarya ne, amma abin da za ka tura daga aljihunka zai fita.

Dabara ta uku: kuɗin gaske, mai biya daban

Wannan ta fi wuyar ganewa. Mutumin ya kwafi hotunan wayarka ya tallata ta da araha a wani wuri. Wani bawan Allah ya taya, sai ya ba shi lambar asusunka. Kuɗi ya shigo da gaske, shi kuma ya zo ya karɓi waya kamar shi ya biya. Wanda ya tura kuɗin bai ga kaya ba, sai ya kai ƙara banki, a rufe asusunka, a nemi ka zo ka yi bayani. Saboda haka sunan da ke kan taransifa dole ya yi daidai da wanda ke gabanka. In ya ce na yayansa ne, a kira yayan ka ji daga bakinsa me ya saya.

Dabara ta huɗu: "karanto min lambar da ta shigo"

Babu cinikin da ke buƙatar ka karanta wa wani lambar sirri. Lamba shida da ta shigo maka ta WhatsApp ce ko ta banki. Ka ba da ta farko, ya ƙwace WhatsApp ɗinka ya bi 'yan ajinku da danginka yana roƙon bashi da sunanka. Ka ba da ta biyu, ya yashe asusun.

Kafin ka miƙa kaya

Ku haɗu da rana a cikin jama'a, kamar shagon mai POS ko mai gyaran waya da ya san ka. Kada ka bi baƙo zuwa bayan gari don ciniki, balle a yankin da hanya kanta ba ta da aminci. Ka cire layi da memori, ka fita daga asusun Google ko iCloud, sannan ka goge komai. Ka buga *#06# ka rubuta lambar IMEI, ku yi 'yar takardar ciniki da suna da kwanan wata da shaida. Ran da aka kama wayar a hannun wani da laifi, takardar nan ce za ta wanke ka.

In kuma an riga an yi maka, kada kunya ta sa ka yi shiru. Ka adana hirarku da lambar wayarsa, ka sanar da bankinka nan take, ka kai rahoto ga 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke Sakkwato. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda ya karɓi kayan mutum ta hanyar yaudara.

Mai saye na gaskiya ba zai yi fushi don ka ce ya jira ka ga balas ba. Wanda ya ƙi jiran minti goma, ka mai da wayarka aljihu, ka ce Allah ya kawo wani.