Garin da Aka Gina Bisa Shawarar Ƙasa da Ruwa

Kimanin kilomita 45 arewa da birnin Houston na ƙasar Amurka akwai wani gari mai suna The Woodlands, wanda attajirin man fetur George Mitchell ya buɗe a 1974. Baƙon da ya shiga tsofaffin unguwanninsa zai yi mamakin yadda gidaje suka ɓuya cikin itatuwa, ga kuma ƙarancin magudanan siminti.

Dalili kuwa, tun kafin a aza tubali, masanin tsara muhalli Ian McHarg ya yi nazarin ƙasar wurin. Inda ƙasa ke da rairayi, wato mai shan ruwa, aka bar wa daji; gine-gine kuma aka karkatar da su kan laka, wadda dama ba ta tsotsa sosai. Ruwan sama sai ya bi kwaruruka masu ciyawa, tsirrai su rage masa gudu, ya nitse a hankali. A ganina, aikin tsiro ne aka ɗauka da muhimmanci, ba adonsa kawai ba.

Sai dai unguwannin da aka gina daga baya sun koma ga bututu da siminti. Da guguwar Harvey ta auku a 2017, ruwa ya shiga gidaje da dama kusa da rafin Spring Creek.