FILIN MANOMA: Abin da ya raba laka da yashi

Kowa ya sani in an yi ruwa da dare, kafin hantsi jigawa ta tsane, amma fadama sai ta kwana uku tana kama ƙafa. In ka tambayi dalili, sai a ce ai laka ce. To, me ya sa laka take haka? Amsar tana cikin wani abu ƙanƙane wanda ido bai taɓa gani ba.

Masana sun tabbatar kowane abu da ke duniya, ko dutse, ko ruwa, ko iska, ko jikin mutum, an gina shi ne da waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi. Turawa suna ce musu atam, mu kuwa mu ce ƙwayar zarra. Ƙanƙantarsu ta wuce misali: in aka jera su a layi, sai an sami fiye da miliyan 3 kafin su cika milimita ɗaya, watau kamar kaurin farce. Wani malamin makaranta a Ingila, John Dalton, shi ya tsara wannan magana a littafinsa na 1808. Yanzu an san iri 118, kamar 90 daga ciki ana samunsu a halitta.

Amma fa sanin irin ƙwayar bai isa ba, sai an san yadda ta zauna da 'yan'uwanta. Dubi gawayi da daimon. Duk biyun ƙwaya ɗaya ce, sunanta kabon. A cikin daimon kowace ƙwaya ta riƙe huɗu ta kowane gefe, shi ya sa yake yanka gilashi. A gawayi kuwa zaman ba tsari, ga ramuka ko'ina, yaro ma ya murƙushe shi da hannu. Kamar kara ne: da shi ake darni, da shi ake asabari, amma ba aikinsu ɗaya ba.

To, mu koma gona. Yawancin yashinmu ƙwayoyi iri biyu ne, silikon da oksijin, sun sarƙe da juna ta kowace fuska, irin sarƙewar daimon. Saboda haka tsabar yashi dunƙulalliya ce mai tauri, ba ƙofar shiga. Ruwa sai ya bi ta tsakanin tsaba ya wuce, kamar an zuba shi a kwando.

Laka ma tana da silikon da oksijin ɗin nan, sai ƙarin alminiyam, ƙarfen da ake zuba tukwane da shi. Bambancin yana wajen jeri. A 1930 masana a Amurka suka haska laka da hasken nan da likita ke ɗaukar hoton ƙashi, suka ga ashe ƙwayoyinta a shimfiɗe suke falle-falle, ɗaya bisa ɗaya, kamar takardu a gafaka. Kowane ɓarɓashin laka bai kai kashi 2 cikin 1,000 na milimita ba. Da ruwa ya jiƙa fallayen sai su riƙa zamewa a kan juna. Santsin laka ke nan, shi ne kuma ya sa maginiya ke murɗa yumɓu yadda ta ga dama.

Lakar ma ba iri ɗaya ba ce. Yumɓun tukwane fallayensa sun manne ƙam, ruwa ba ya ratsa tsakaninsu sosai, don haka ba ya kumbura ƙwarai. Amma baƙar lakar nan ta firki, irin ta ƙasar Borno wajen Tafkin Chadi, ruwa yana shiga har tsakanin falle da falle. Da damina ta kumbura, da rani ta tsattsage har hannu ya shige. In da za a warware fallayen da ke cikin cokalin shayi ɗaya na tsantsarta a shimfiɗa, da sun kusa rufe eka guda. Duk wannan fili kuwa wurin maƙalewar ruwa ne. Shi ya sa mutanen can suke dasa masakwa bayan ɗaukewar ruwan sama, ta nuna da danshin da ƙasa ta ɓoye.

Ga inda maganar ta shafi aljihu. Fuskar fallen laka tana da wani ƙarfin ja irin na lantarki, tana kama waɗansu abincin shuka, kamar fotash, ta riƙe su har saiwa ta zo ta ɗauka. Yashi ba shi da wannan sai kaɗan. Mai jigawa da ya zuba buhun yuriya gaba ɗaya rana guda, ruwa mai ƙarfi biyu ko uku ya isa ya tafi da rabo mai yawa can ƙasa inda saiwar gero ba ta kai. Ni a ganina wannan ɓarnar kuɗi ce tsantsa. Gara a raba shi biyu, a sa rabi bayan shuka ta kafu, rabi bayan 'yan makonni, a kuma rufe da ƙasa.

Abin da ya fi wannan shi ne takin gida. Ruɓaɓɓen kashin dabbobi da ganye yana da irin wannan ƙarfin ja, har ya fi na laka. Kuma lakar da ke cikin yawancin gonakinmu na tudu irin ta yumɓu ce, mai ƙarancin riƙo. Manoman karkarar Kano da suka daɗe suna jigilar taki daga birni a mangalar jaki, suna noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu, ba su karanta Dalton ba, amma aikinsu daidai yake da iliminsa.

Mai laka kuma, kada ka sa garma ƙasa tana caɓi. Fallayen za su kwanta su shafe kamar yaɓen ɗaki, in ta bushe ta zama hoge, iska da saiwa su rasa hanya. Dakata har in ka dunƙula ta ka matsa ta marmashe.

Wanda ke so ya san ƙasar gonarsa, ya sami kwalba fara, ya zuba ƙasa zuwa sulusinta, ya cika da ruwa, ya girgiza ƙwarai, ya ajiye. Cikin minti ɗaya yashi zai kwanta a gindi. Ruwan da ya rage a gurɓace laka ce, tana iya kwana ɗaya ko fiye kafin ta sauka. Sa'an nan a dubi kaurin kowane hawa, a gwada da na wata gona.